Layi Huɗu a Gonar Mama Tabita

Talata: Kaduna zuwa Kafanchan

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba mahaifiyata ta shigo tashina, ta same ni idona biyu. Muka durƙusa a falo mu uku, Baba ya yi addu'a. Ya roƙa mini kariya a hanya, ya roƙa wa direba natsuwa, sannan ya ƙara da cewa, "Ubangiji, in tafiyar nan ba nufinka ba ce, ka dawo mana da ita da wuri." Na ce amin ɗin da ya fi kowanne ƙanƙanta a rayuwata.

Ga abin da ya fitar da ni. Ina shekara ta biyu a kwalejin aikin gona, ina karanta noma mai ɗorewa, wato noman da zai ciyar da mutum bana ba tare da ya kashe ƙasar da zai ci baɗi ba. Kowane ɗalibi sai ya yi wata shida yana koyon aiki a waje, abin da muke kira Ai-Ti, kuma ranar Litinin ce ranar ƙarshe ta kai takardar karɓa mai sa hannu da hatimi. In na dawo hannu rabbana, Baba ya riga ya samo mini wuri a shagon abokinsa mai sayar da taki da maganin feshi. Ni kuwa gona nake so. Na ji labarin wata dattijuwa a wani ƙauye kusa da Kwoi, Mama Tabita, wadda cittarta ta tsira a shekarun da cutar ruɓewa ta cinye ta mutane. Tun ranar zuciyata ta tafi can ta bar ni a aji.

Ƙarfe shida da minti goma motarmu ta tashi daga tashar Sabo, mu bakwai da direba. Wajen ɗaure kaya direban, wani dattijo mai suna Danjuma, ya ga dogayen takalman robata a rataye jikin jaka.

"'Yata, soja za ki shiga ne ko kamun kifi?"

"Noma, Baba."

"Noma! Ni na gudu daga noma na kama sitiyari, ke kin yi boko kin koma inda na gudo. To, Allah ya ba da ƙarfin baya."

An yi ruwa kwana biyu kafin nan, don haka daga Kujama duniya ta fara canja riga. Ciyawa ta ɗan leƙo, siririya kamar gashin jariri, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta taga. Ƙarfe bakwai da kwata muka wuce Kajuru, hazo na kwance a ƙugun duwatsu. Baba Danjuma ya nuna da haɓa ya ce akwai wani gida mai kama da na sarakunan tatsuniya a can sama, amma ni manoma nake kallo, maza da mata a sunkuye tun rana ba ta gama buɗe ido ba. A shingen sojoji kafin Kufana wani soja ya leƙa bayan mota ya tambayi mai takalman. Direba ya ce, "Manomiya ce, oga, citta za ta je nomawa." Sojan ya sara mini yana dariya, ya ce in ta yi kyau kada in manta da masu tsaron hanya.

Tara saura minti goma muka tsaya a Kachia. Na ci ƙosai na ɗari uku da kunun gyaɗa a tsaye. Matar da ke suya ta ce mini a da, in mota ta tsaya a nan, ƙamshin busasshiyar citta ne ke fara gaishe da baƙo, yanzu kuwa sai an nema. Muka bi ta Zonkwa da Madakiya, ƙarfe sha ɗaya saura minti ashirin muka shiga Kafanchan, bayan kimanin kilomita ɗari biyu.

Anti Saratu, ƙanwar mahaifiyata, malamar firamare ce, gidanta na kusa da tsohon layin dogo inda itatuwan mangwaro suka fi gidajen tsufa. Ta yi mini gwaten acca da yakuwa da gauta, ta zauna tana kallona ina ci.

"Rifkatu, ke da ba ki iya kashe kyankyaso, ke ce za ki yi noma?"

"Anti, ai ba kisa za ni ba, shuka za ni."

"Bakin dai akwai shi. Gobe da safe ki je Gidan Waya wurin Malam Ishaku. Ya san Mama Tabita. In ba da takardansa ba, ko kujera ba za ta ba ki ba."

Laraba: Gidan Waya, sannan Kwoi

Ƙarfe bakwai na hau motar Gidan Waya, muka bi ta Kagoro. Dutsen Kagoro ya tsaya mana a hagu, kore-kore, gajimare ya yafa masa gyale a kafaɗa. Tafiyar kilomita ashirin da wani abu ce, muka yi ta cikin minti arba'in, ɗalibai cike da hanya a kan babura, littattafai a ƙirji.

Malam Ishaku tsohon malamin aikin gona ne, ya yi ritaya, shi ya koyar da Anti. Bayan gidansa bai fi filin ƙwallon yara ba, amma na ga abin da muka yi zango biyu muna zanawa a allo yana numfashi a gabana. Kashin kaji yana shiga ramin taki. Ruwan da ya canja wa kifi yana gangarawa wurin alayyafo da ugu. Ga zogale a jere a matsayin shinge, ga gwanda, ga amya biyu a can ƙarshe ƙudan zuma na kai da kawowa. Babu abin da ke fita daga gidan a matsayin shara. Na tsaya a tsakiya ina ta kalle-kalle, shi kuwa yana ta ba ni haƙuri wai wurin bai gyaru ba.

Da na faɗa masa buƙatata sai ya cire tabarau ya murza ido.

"Tabita ta kori ɗalibai biyu bara. Sun zo da waya, sun ɗauki hoto riƙe da fartanya, kafin rana ta yi tsaka sun ce kansu na ciwo. Zan rubuta mata, amma takardata ƙofa kawai za ta buɗe miki. Matar nan ba ta son surutu, 'yata. Hannu take kallo."

Na riƙe wannan magana da kyau. Daga baya na gane na riƙe ta fiye da kima.

Na koma Kafanchan, ƙarfe biyu na rana na shiga motar Kwoi, kimanin kilomita arba'in, muka isa uku da minti biyar. Daga tasha ɗan acaɓa ya ɗauke ni kilomita shida a kan jar hanya. Gonaki da yawa a gefen hanya an bar su ba shara, ba huɗa. Ya ce masu su sun rasa iri, wasu kuma sun rasa zuciya.

Na sami Mama Tabita a gindin mangwaro tare da surukarta Ladi, tulin irin citta a gabansu suna ɓallawa. Gajeriya ce, baƙa, farin gashi ya leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali, yatsunta kuwa sun yi kama da abin da take ɓallawa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta karanta takardar Malam a hankali, leɓɓanta na motsi, ta ninke ta soke a zani.

"Gobe muna shuka. Biyar da rabi. Kin iya ɓalla iri?"

"Na karanta, Mama."

"Ban tambayi karatu ba. Zauna."

Ladi ta nuna mini: kowane gutsure a bar masa ido ɗaya ko biyu, inda tsiro zai fito, wanda ya yi laushi ko baƙi a ware shi gefe. Irin nan ya yi rani a rami ƙarƙashin inuwa, an barbaɗa masa toka an rufe da ciyawa, ya fito da ƙananan idanu farare kamar haƙoran jariri. Muna aiki Ladi tana ba ni labari ƙasa-ƙasa. Mama ba ta taɓa sayen iri a kasuwa ba, wannan zuriyar wanda uwar mijinta ta ba ta ce. Ba ta maimaita citta a ƙasa ɗaya sai ta huta shekara huɗu ana wake da acca da gyaɗa a cikinta. Kuma a gangare take shukawa, inda ruwa ba ya kwana. Lokacin da gonakin mutane suka yi rawaya suka kwanta, tata ta tsaya. Daga irinta ne matan ƙungiyarsu suke sake tada nasu kaɗan-kaɗan. Na dubi tulin da ke gabana da sabon ido. Abin da ya rage wa rabin ƙauye ne nake ɓallawa da yatsuna.

Alhamis: A gona

Biyar da rabi daidai muka fita, tafiyar minti ashirin da biyar a ƙafa. Gayya ce, matan zumuntar coci goma sha biyu suka zo da ƙananan fartanyoyi. Wata ta yi addu'a da Jabanci, aka jera, aka sunkuya. Ban taɓa ganin aiki mai kyan gani irin wannan ba. Sara, saka, rufe, taku ɗaya gaba, duk a kan waƙar coci da wata ke bayarwa sauran na amsawa. Tazarar da muke aunawa da tef a makaranta su da tafin hannu suke aunawa, kuma ba ta kuskure. Kafin ƙarfe tara bayana ya fara kuka, amma ban miƙe ba sai in sun miƙe.

Bayan shuka sai rufi. Citta ba ta son rana ta taɓa ƙasar da take kwance, don haka sai an lulluɓe gonar duka da ganye, ya riƙe damshi, ya hana ciyawa, daga baya ya ruɓe ya zama taki. Ganyen kuwa a daji ake sarowa, tafiyar kwata ɗin awa, a ɗauro dami a kai. Nan na ji kunya. Kafin in kawo biyu sun kawo biyar, nawa damin ma rabin nasu ne. Na ga Mama Tabita tana duban damin nawa, maganar Malam kuma tana yi mini amo a kunne.

Ƙarfe sha ɗaya matan suka gangara inuwar bakin rafi shan kunu. Na ce su yi gaba ina zuwa. Saura layi huɗu a can ƙasan gona, wajen iyaka, ba a rufe ba. A lokacin na hango, a ƙetaren iyakar, gindin wata ɗorawa, tarin busassun karan citta da ganyenta a gonar da ba a nome ba. Zuciyata ta yi tsalle. Abin da aka fi nanata mana a aji ke nan: ragowar amfanin gona dukiya ce, kada a ƙona, a mayar wa ƙasa abinta. Ga rufi a kusa, taku ashirin kacal, mutane kuma suna wahalar zuwa daji! Na kwaso runguma uku, na shimfiɗa a layukan huɗu, na ɗora ɗanyen ganyen da ya rage a sama don kada iska ta kwashe. Ya yi kyau ƙwarai. Na gangara rafi ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa, na yi niyyar in bari sai Mama ta gani da idonta.

Ladi ta miƙo mini kunu a kofi. Na kurɓa biyu ke nan sai wata mata mai suna Asabe ta ce, "Wai Bulus har yanzu bai zo ya ƙona tarin nan nasa ba?"

"Ina zai zo?" in ji Ladi. "Tun da ciwon ya cinye masa gonan ya tuge ya tara, ya tafi Abuja aikin gini. Ko kallon wurin ba ya so. Mama ta aika masa sau biyu. Ko akuya ba ta bari ya bi ta can ya shigo nan."

Na sauke kofin daga bakina. Na san wannan ma. Yana cikin littafin rubutuna, shafi ɗaya bayan wancan darasin: ƙwayar cutar tana kwana a cikin ragowar shukar da ta kashe, tana jiran damshi. Ni da hannuna na ɗauko ta na kwantar da ita a kan irin uwar mijin Mama, na kuma lulluɓe ta da kyau.

Ba wanda ya gan ni. Ɗanyen ganye ya rufe komai. In na yi shiru, mai yiwuwa da yamma a sa mini hannu, cutar kuma ba za ta nuna fuska ba sai tsakiyar damina, lokacin da kowa zai ce daga Allah ne. Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon ruwan rafin ba. Na dai ajiye kofin, na je gaban Mama Tabita na durƙusa.

"Mama, na yi ɓarna. Na ɗebo daga tarin nan na rufe gonarki."

Hira ta mutu. Har kukan tsuntsaye na ji ya ƙaru. Mama ta dube ni.

"Layi nawa?"

"Huɗu."

"Sama ko ƙasa?"

"Ƙasa, wajen iyaka."

Ta sauke numfashi. "Yesu ya taimake mu, ruwa ba ya hawa dutse. Tashi. Kuka ba ya kwashe ganye."

Abin da ya biyo baya shi ne darasi mafi girma da na taɓa samu, kuma ba a yi shi da allo ba. Ta hana kowa shiga layukan sai ni, tunda na riga na taɓa. Na kwashe rufin duka, busasshe da ɗanye, na tsince har ɗan guntun da bai kai farce ba, na mayar gindin ɗorawa, aka share kewaye aka cinna wa tarin wuta. Na kankare saman ƙasar da fartanya guda, wadda ta ce daga yau ba za ta ƙara shiga sauran gonar ba. Matan suka haƙa lambatu tsakanin layukan huɗu da sauran, don ruwan da ya taɓa su ya wuce daji. Ladi ta ce a tone irin a zubar, Mama ta ce a bar shi. Sannan na wanke hannu da takalma da toka da sabulu a ƙasan rafi, na tafi daji ni kaɗai na saro sabon ganye, dami huɗu. Sai ƙarfe huɗu da rabi na gama. Asabe ta taya ni sauke na ƙarshe tana cewa, "Sannu, 'yar skul. Mu da kai muke ɗauko rufi, ke da ilimi kika ɗauko." Matan suka kwashe da dariya, ni ma na yi, hawaye na zuba.

Da muka koma gida na yi wanka na haɗa jakata. Ban ga amfanin fito da takardar makaranta ba. Wajen ƙarfe shida, rana ta yi ja a bayan mangwaro, Mama ta kira ni.

"Ba wanda ya gan ki. Me ya sa kin faɗa?"

"Irin ba naki kaɗai ba ne, Mama."

Ta murza gwiwa. "Yaran nan na bara ba su ɓata mini komai ba, don ba su taɓa komai ba. Ke kwana ɗaya kin kusa kashe ni." Ta nuna ɗaki da baki. "Kawo takardan."

Ladi ta ɗauko hatimin ƙungiyar mata daga cikin wani gwangwanin madara. Mama ta ɗora takardar a cinya, amma ba ta sa hannu nan da nan ba.

"Ki ji da kyau. Layi huɗun nan naki ne. Ba wanda zai shiga sai ke. Kowane safe ki je ki duba, ki rubuta a littafin nan naki. In ganye ya fara rawaya, ke za ki fara gani, ke za ki tuge da hannunki ki ƙona. Ba za ki kwantar mini da ciwo ki tafi Kaduna ki bar ni da gadi ba. Kuma abin da littafin ya ce a kan ciwon nan, duka, za ki karanta mana ranan zumunta. Har shafin da kin manta."

Ta rubuta sunanta harafi ɗaya-ɗaya, ta hura wa hatimin iska, ta danna da hannu biyu.

Juma'a: Komawa gida

Shida da rabi na safe ɗan acaɓa ya zo. Ladi ta cusa mini ƙullin ɗanyar ɗorawa da mangwaro a jaka. Mama tana ba kaji dusa, ba ta ko juyo ba, ta ce, "Sati biyu na ba ki, ki dawo. Citta ba ya jiran mutum." Na isa Kafanchan tara saura kwata, na tsaya na ba Anti Saratu labari. Ta riƙe baki, sannan ta yi dariya har da dafa bango, ta shafa mini man kaɗanya a tafin hannu inda ya yi kanta. Ƙarfe sha biyu motar Kaduna ta cika. Ruwa ya tare mu daga Idon har Kasuwan Magani, ina kallonsa a gilashi ina tunanin ko a can ma ana yi, ko lambatun ya riƙe.

Huɗu da minti ashirin na shiga gida. Na ba Baba takardar, na kuma faɗa masa komai, ban rage ba. Ya karanta sau biyu, ya juya hannuwana ya duba. Can ya ce, "Wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Zan gaya wa abokina ya ba wani wurin." Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da tsohuwar rigar ruwansa ya ajiye a kan jakata.

Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Anti Saratu da gwatenta, da Malam Ishaku da ya buɗe mini ƙofa, da Ladi da matan zumunta da suka haƙa lambatu saboda kuskuren da ba nasu ba. Mama Tabita kuwa ba ta son surutu, don haka godiyarta sai na je gona. Ban san abin da ke kwance ƙarƙashin ganyen nan ba, ko tsiro ne ko ciwo. Ku da kuka karanta, in kun durƙusa yin addu'a, ku tuna da layi huɗu a ƙasan wata gona kusa da Kwoi.